Littafin hotunan Mughal-e-Azam a idon tela

Riyal 190 na biya a kan littafin nan, kuma ga mai cin abinci da keken ɗinki wannan ba kuɗin wasa ba ne. Saboda haka zan faɗi abin da na tarar a cikinsa dalla-dalla, da mai daɗin da mara daɗin, don wanda yake da niyyar saye ya san abin da zai ɗauko. Babban littafi ne mai bango mai tauri, da Turanci aka rubuta shi, kuma daga farkonsa har ƙarshe tarihin fim ɗaya ne, Mughal-e-Azam, wanda aka fara nunawa a Indiya ranar 5 ga Agusta, 1960. A wani ɗan kantin littattafai na Indiyawa da ke Sharafiyya, nan Jidda, na same shi. Ba littafin da mutum zai riƙe yana kishingiɗe ba ne, nauyinsa ya wuce haka. Ni a kan teburin yanka nake shimfiɗa shi, bayan na share alli da guntayen zare.

Hotuna sun rinjayi rubutu nesa ba kusa ba, kuma dalilin sayena ke nan. Turancina yana ɗaukar gajeren bayanin da ke ƙarƙashin hoto. Dogayen shafukan kuwa autata ce take karanta mini da dare, tana juya mini su da Hausa, inda ta maƙale ta sa Larabci. Maganganun fim ɗin kansu ba na buƙatar tafinta, domin Urdu a bakin abokan aiki na tsince shi. Duk zaman ɗinkin da na yi a garin nan tare da 'yan Indiya da 'yan Pakistan na yi shi.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, labarin uba da ɗa ne. Sarki Akbar ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, har ya taka da ƙafa ba takalmi cikin rairayi mai zafi zuwa wurin wani shehi neman addu'a. Allah ya ba shi Salim. Yaro ya taso a sangarce, uban ya tura shi fagen daga, sai bayan shekara 14 ya dawo, ya kuma faɗa son wata baiwa mai rawa a fada, Anarkali. Uba ya ce gadon sarauta bai yarda ba, ɗa ya ce ba gudu ba ja da baya, har ta kai su ga ɗaura yaƙi da juna. Prithviraj Kapoor ne Akbar, Dilip Kumar ne Salim, Madhubala ce Anarkali, Durga Khote kuma uwar da aka bari a tsakiya. Fim ɗin ya haura awa uku, waƙoƙi 12 ne a ciki, Naushad ya yi kiɗan, Shakeel Badayuni ya rubuta baitocin. Shekara 15 ya yi babu fim ɗin Indiya da ya kamo shi a ciniki, sai da Sholay ya fito a 1975.

Babin farko ya bi aikin tun daga tushe, kuma ya bi shi da kyau. A 1944 ne K. Asif, daraktan fim ɗin, bai wuce shekara 22 ba, ya ƙudura mayar da wasan kwaikwayon Anarkali, wanda Imtiaz Ali Taj ya rubuta a 1922, ya zama fim. Da wasu 'yan wasa dabam aka fara: Chandra Mohan ne Akbar, Nargis ce Anarkali. Sai rabuwar Indiya da Pakistan ta zo a 1947, mai zuba kuɗin ya tattara ya koma Pakistan, a 1949 kuma Chandra Mohan ya rasu. Aiki ya tsaya cik. Da wani ne da ya shafa fatiha. Asif ya nemo attajirin gine-gine Shapoorji Pallonji, ya sake sabon zubi a farkon shekarun 1950 da sababbin fuskoki. Daga niyya zuwa fitowa shekara 16 ke nan. Finafinai biyu rak ya kammala a matsayin darakta kafin rasuwarsa a 1971.

A cikin wannan babin akwai layi ɗaya da ya sa na ce wa autata ta maimaita. An ambata cewa kafin Asif ya shiga harkar fim ɗinki ya fara yi a Bombay, a shagon da wani ɗan'uwansa ya buɗe masa. Marubucin ya wuce ta wurin da sauri, kamar abin kunya ne. Ni kuwa a nan na fahimci abin da ya daɗe yana ba ni mamaki game da fim ɗin. Wanda ya taɓa zama a bakin keke ne kaɗai zai kafe a kan wuyan riga da kalmasar hannu haka, ya ƙi yarda a sa wa sarki kayan da daga nesa kawai suke da kyau.

Babin tufafi shi ne zuciyar littafin a wurina, kuma shi kaɗai ya biya kuɗinsa. An lissafa inda aka ɗauko kowace sana'a: teloli daga Delhi, masu surfani daga Surat, maƙeran zinari daga Hyderabad, masu ƙera kambin sarauta daga Kolhapur, maƙeran makamai daga Rajasthan, dukawan takalma daga Agra. Wannan jerin na sha jin sa a bakin abokan aiki. Abin da ban taɓa gani ba shi ne aikin kansa, a kusa.

Ya kamata in bayyana yadda muka kalli fim ɗin nan kafin a gane abin da nake nufi. Manyanmu sun riski silimar tsakar gida da ake yi a Jidda a da, a kafa majigi a fili a jera kujeru, amma mu da muka yi wayo a shekarun 1980 mun tarar an rufe su duka. Kaset ɗin bidiyo ne silimarmu. Wanda yake yawo a gidajen unguwarmu kwafi ne na kwafi, hoton ya dusashe, ƙasan allon yana rawa, fassarar Larabcin rabinta ya yanke. Rigar Akbar a wannan kaset wani haske ne kawai mai walƙiya. Mun san tana da tsada, amma ko kusa ba mu san me ke jikinta ba.

A littafin nan an ɗauki ƙirjin rigar an faɗaɗa shi ya cika shafi guda. Aikin zardozi ne, wato surfanin zinari na Indiya, kuma ana ganin kowane jan allura. Ba zaren zinari ake cusawa cikin yadin ba yadda mutane suke zato. Siririyar waya ce da aka naɗe ta zama kamar ɗan bututu, a yayyanka ta guntu-guntu, a zura kowane guntu a allura, a kwantar da shi a ɗaure da zare. A ƙarƙashin furannin an fara cika wurin da zaren auduga don aikin ya taso, shi ya sa yake kama haske ta gefe ɗaya ya bar inuwa ta ɗaya gefen. Duk wanda ya taɓa riƙe mishlah, alkyabbar Larabawa, ɗinkin Hasa na asali ya shafa bakinsa, ko ya duba aska takwas ta hannu a babbar riga, zai gane cewa dangi ɗaya ne: haƙuri ne da ido, a zauna wuri ɗaya har baya ya ƙage.

Na kai littafin wurin dattijon da yake mana aikin hannu a shago, mutumin Lucknow ne, a kan katakon shimfiɗa yadi ya girma. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon shafin bai ce komai ba, sannan ya ɗora yatsa a tsakiyar ƙirjin.

"Ɗan'uwa, mutum biyu ne suka yi wannan," in ji shi.

Na ce, "Mu'allim, ta ina ka gane?"

Ya ce in dubi ganyen da ke dama da na hagu. Zanen ɗaya ne, amma na dama guntayen wayar sun fi gajarta kuma sun matsu da juna, na hagu sun ɗan saki. Na dama tsoho ne, in ji shi, na hagu yaronsa ne ko ƙanensa. Sun zauna suna fuskantar juna, yadin a tsakaninsu, kowa yana yin ɓangarensa. Da ya nuna mini sai na gani ƙarara. Hoton da zai bar mai sana'a ya karanta hannun ɗan'uwansa bayan shekara sittin da ɗoriya, wannan hoton an buga shi yadda ya kamata. Takardar tana da kauri, ba ta da ƙyallin da ke kashe ido, baƙin ya fito baƙi sosai. A nan kam maɗaba'ar ta yi abin a yaba.

Haka ma rigar da Madhubala ta yi rawar zauren madubai da ita. Babu watan da wata ba ta zuwa shago da hoto a waya ta ce Anarkali take so a ɗinka mata, musamman gab da salla ko lokacin bukukuwa, kuma yawancin 'yan matan ba su taɓa jin labarin fim ɗin ba. Littafin ya kawo hoton da aka ɗauka tana tsakiyar juyi, rigar ta buɗe ta yi da'ira. Saman ya kama jiki, daga nan ƙasan ya sauka a haɗe-haɗen tsagi masu yawa, kowanne siriri a sama mai faɗi a ƙasa, bakin kuma an yi masa aiki mai nauyi. Wannan nauyin na baki shi ke jan rigar ta buɗe in an juya, ta kuma kwanta lumui in an tsaya. Na kasuwa da ake kawowa yanzu tsagi kaɗan ne masu faɗi, sai a cusa raga mai tauri a ciki don ta kumbura, shi ya sa take tsayawa a sandare ko mai ita tana zaune. Tun da na ga hoton nan na kan buɗe wa mai kawo ɗinki shafin, in ce ga abin da kike nema, amma yadi zai ci, lokaci ma zai ci.

To a nan ne kuma littafin ya ɓata mini rai, kuma ɓacin ran bai wuce ba har yanzu. Akwai hoton wasu mutane zaune a ƙasa kewaye da katakon surfani, ɗayansu ya ɗago kai yana kallon mai ɗaukar hoto, allura a hannunsa. Abin da aka rubuta a ƙasa kalma biyu ce, ma'anarta ma'aikata a bakin aiki. Shi ke nan. A shafin da ke fuskantarsa kuwa an faɗi sunan kowane baƙo da ya halarci bikin buɗe fim ɗin a silimar Maratha Mandir, daren da aka kawo faifan fim ɗin a bayan giwa. Sunan kamfanin da ya tsara tufafin yana nan, sunayen garuruwa suna nan, amma ko mutum ɗaya daga cikin masu allura ba a kira sunansa ba. Wanda ya iya tono tsofaffin tallace-tallacen mujallu na shekarun 1940 ai zai iya shiga jirgin ƙasa zuwa Surat ya tambayi jikokinsu. Sana'ar gado ce, gidajen suna nan, kuma irin wannan aikin ba a mantawa da shi a gida. Littafin ya cika baki da cewa hannu ne ya yi fim ɗin, sannan ya bar masu hannun a tsaye a bakin ƙofa.

Shafin da ya fi ɗaukar ido shi ne na Sheesh Mahal, zauren madubai, wanda ake warwarewa ya zama shafi huɗu a jere. An gina shi a Mohan Studio, tsawonsa ƙafa 150, faɗinsa 80, bisansa 35, an liƙe shi da ƙananan madubai na gilashin Beljiyam. Masu aikin daga Firozabad aka kawo su, garin da ya yi suna da gilashi da awarwaro. Kusan shekara biyu aka yi ana ginin, ya ci rupee, kuɗin Indiya, miliyan ɗaya da rabi, kuɗin da a lokacin ya isa a yi fim sukutum. Da aka gama sai wata matsala ta taso: ana kunna fitilun ɗaukar hoto sai madubai su mayar da hasken cikin kyamara, ba a ganin komai. Yadda R. D. Mathur, mai ɗaukar hoton, ya ɓullo wa abin ya burge ni. An shafa wa madubai ɗan kaki siriri don ya rage musu kaifi, sannan maimakon a haska zauren kai tsaye sai aka riƙa jefa hasken a kan ƙyallaye, shi kuma ya dawo a tausashe. Akwai ɗan zanen da ke nuna inda aka ajiye fitilu da inda aka rataya ƙyallayen, ko yaro zai gane. A wannan zauren ne Anarkali ta tsaya gaban sarki ta rera fitacciyar waƙar fim ɗin, wadda Lata Mangeshkar ta ba wa murya, Akbar ya ɗaga kai ya ga surarta a ɗaruruwan madubai a lokaci guda.

Babin yaƙi ban tsaya a kansa ba. Raƙuma 2,000, sojoji 8,000 da aka aro daga rundunar Indiya, ƙura ta tashi. Hotunan daga nesa aka ɗauke su, kuma wannan abu ne na allo, ba na takarda ba.

Maganar kala kuwa dole in yi ta. Fim ɗin asali baƙi da fari ne, in ban da rawar zauren madubai da wani yanki na ƙarshe da aka ɗauka da kala. Asif da ya ga yadda suka fito ya so ya sake ɗaukar komai da kala, masu rarraba fim suka ce sun gaji da jira. A Nuwamban 2004 aka sake fitar da shi bayan an shafa masa kala da kwamfuta, kuma ban musa cewa wannan ya jawo yara da yawa sun kalle shi ba. Amma littafin tarihi ya kamata ya tsaya a kan abin da aka ɗauka. Kusan kashi ɗaya cikin uku na manyan hotunan nan daga mai kalar 2004 aka ciro su, ba a ma faɗa a ƙasa ba. Ido kuwa yana ganewa. Fuskoki sun yi sumul fiye da kima, zinarin ya zama rawaya ɗaya shimfiɗe, tudu da kwarin surfanin duk sun baje. A wuri guda an sa hoto ɗaya sau biyu, na asali da mai kala, suna kallon juna. A na asalin kana iya bambance karammiski da alharini ta yadda kowanne yake shan haske. A ɗayan duk yadi ɗaya ne.

Babin waƙa autata ta fi so, ni ma na ji daɗinsa. An kawo labarin Bade Ghulam Ali Khan, babban malamin waƙar gargajiya wanda ba ya yi wa fim waƙa. Don ya kori Asif sai ya yanka masa rupee 25,000 a kan kowace waƙa, a zamanin da Lata da Mohammed Rafi suke karɓar 'yan ɗaruruwa. Asif ya ce ya saya. Waƙa biyu ya yi a matsayin muryar Tansen, mawaƙin fadar Akbar, kuma ɗayarsu ce take tashi a bayan fage a daren da Salim yake shafa fuskar Anarkali da gashin tsuntsu. Littafin bai ɓoye cewa a lokacin da aka ɗauki wannan wurin Dilip Kumar da Madhubala ko gaisawa ba sa yi ba, bayan neman auren da ya lalace tsakaninsu da shari'ar da ta biyo baya. Ya faɗa a taƙaice, cikin mutunci, bai mayar da shi tsegumi ba, kuma na yaba da haka. Akwai kuma hoton Naushad tsaye gaban mawaƙa 100 da suka yi wa Rafi amshi a waƙa ɗaya. Abin da ya rage shi ne baitocin: da haruffan Turanci kawai aka rubuta su, ba a sa rubutun Urdu ba. Mu da idonmu ya saba da baƙaƙen Larabci da mun karanta su kai tsaye, kuma Shakeel Badayuni da wannan rubutun ya rubuta su.

Shafukan Madhubala suna da nauyi a zuciya. Da ciwon zuciya aka haife ta, huda ce a tsakanin ɗakunan zuciyar, kuma tana fama da shi duk tsawon aikin. Sarƙoƙin da aka ɗaure ta da su a wurin kurkuku na ƙarfe ne na gaske, Asif bai yarda da na bogi ba. Akwai hotonta a zaune tsakanin ɗauka da ɗauka, sarƙar tana kan cinyarta, ta jingina kai da bango, idonta a rufe. Ta rasu a Fabrairun 1969 tana da shekara 36. Mumtaz Jehan ne sunanta na yanka, kamar yadda Dilip Kumar, wanda ya rayu har 2021, sunansa Muhammad Yusuf Khan. Allah ya jiƙansu. Na san akwai masu ganin wannan tsananin na Asif shi ne ya sa fim ɗin ya zama abin da ya zama, littafin ma can ya karkata. Ni ban iya kallon hoton nan in yarda da haka ba. Sarƙar kwano mai sauƙi da ta wadatar, kuma babu mai kallon da zai gane.

A cikin wannan kurkukun ne ta rera waƙar da gidanmu ya fi riƙewa, wadda take kai kukanta tana ambaton Shugaban Madina, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Innarmu ba ta jin Urdu ko kalma ɗaya, amma in an zo wurin sai ta ce a yi shiru, domin ta ji Madina ta gane bege ne. Littafin layi uku ya ba wannan waƙar. Kuma wannan ya kai ni ga babban giɓin da ke cikinsa.

Akwai babi mai suna wai tafiyar fim ɗin a duniya. Abin da ke ciki Landan ne da Amurka, sai nuna shi da aka yi a Pakistan a 2006. Afirka babu ita ko a layi ɗaya, ƙasashen Larabawa ma haka. Alhali tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suke shigo da finafinan Indiya Arewacin Nijeriya, kuma babu inda suka samu gindin zama kamar ƙasar Hausa. Baffana, Allah ya ƙara masa lafiya, a silima ya kalli wannan fim a Kano yana saurayi, kafin ya zo aikin hajji ya zauna. Da na nuna masa littafin ya dinga kiran sunan kowane ɗan wasa kafin in karanta, har na ƙananan. Ya ce da ni, "Kai yaro, mu fa ba fassara muke jira ba. Uba ya hana ɗansa auren wadda yake so saboda asali, wa zai fassara maka wannan a Kano?" Makaɗa irin su Abdu Yaron Goge sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya sun sa a goge. 'Yan bandiri sun ɗauke su sun ɗora musu begen Annabi da Hausa. Finafinan Kano da suka taso a shekarun 1990 da rawarsu da waƙarsu daga wannan rijiyar suka sha. A Omdurman da Wad Madani 'yan'uwanmu na Sudan za su ba ka irin wannan labarin. Mutanen da suka riƙe fim ɗin nan shekara da shekaru ba tare da an yi shi dominsu ba sun cancanci shafi ɗaya a littafin da ya ce tarihinsa yake bayarwa.

Inda ya yi gaskiya kuma dole a faɗa. Bai yi ƙoƙarin sayar da labarin a matsayin tarihi tsantsa ba. Ya bayyana cewa Akbar ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, Salim ya gaje shi da sunan Jahangir, kuma lallai ya yi wa ubansa tawaye, amma a kan mulki ne, ba a kan baiwa ba. Anarkali kanta masana tarihi suna jayayya ko an taɓa yin ta, duk da akwai kabari da kasuwa masu sunanta a Lahore. Zauren madubai na gaske da ke ganuwar Lahore ma Shah Jahan ne ya gina shi, jikan Akbar, bayan mutuwar kakan da shekaru. A almarar asali da ranta aka gine Anarkali cikin bango; fim ɗin ne ya buɗe mata hanyar ƙarƙashin ƙasa ta tsira, saboda alkawarin da sarki ya taɓa yi wa mahaifiyarta.

Babin ƙarshe a kan wasan dandamali ne da Feroz Abbas Khan ya shirya a Mumbai a 2016, inda 'yan wasa suke rera waƙoƙin da bakinsu a gaban jama'a. Hotunan suna da kyau, rubutun kuwa ya fi kama da talla. An faɗi cewa Manish Malhotra ne ya tsara tufafi sama da 550, an sa hotonsa babba. Waɗanda suka zauna suka ɗinka su, su ma ba a ambace su ba. Tun da aka sake buɗe silima a ƙasar nan a 2018, ga kuma bikin finafinai na Bahar Maliya da ake yi a Jidda tun 2021, ina sa ran wata rana a kawo ko wasan ko fim ɗin asali a babban allo, in kai Baffa.

Ga mai niyyar saye, a duba ɗaurin littafin tun a kanti. Da gam aka haɗa shi, ba a ɗinke shi da zare ba, kuma takarda mai nauyi irin wannan gam ba ya riƙe ta, balle a laimar Jidda. Nawa bai yi wata biyu ba shafin zauren madubai ya fara ɓallewa daga tsakiya. Na koma kantin, mai shi ya karɓe ni da mutunci amma ya ce ba a mayarwa in an cire leda, ɗayan kwafin kuma an saye. Sai na huda gindin shafukan da basilla na ɗinke su da zaren nailan mai kauri, na liƙa siririn ƙyalle a bayan, yanzu yana buɗuwa lafiya. Wanda ba shi da wannan dabarar ya buɗe tsakiyar a hankali a gaban mai kanti, ya duba ko gam ɗin ya tsage, kafin ya miƙa kuɗi. Rubutun ƙarƙashin hotunan ma ƙanana ne ƙwarai, toka-toka a kan fari, dattijo sai da tabarau da fitila mai kyau. Tela, da mai surfani, da mai zanen kaya, da duk wanda ya san fim ɗin tun zamanin kaset, su saya, za su ci moriyar kuɗinsu. Wanda bai taɓa kallo ba ya fara neman fim ɗin tukuna, baƙi da farin in ya samu, riyal 190 ɗin ta jira.